Mai Cigiya a Ruwan Gungun Kirya

Jabiru, kashe rediyon nan. Ramlatu, gyara wa yaron kwanciya ki matso kusa. Na ji abin da kuke ƙullawa tun jiya. Wai ranar Asabar za ku cika mota ku tafi Yawuri, ku haye gungu, ku ci kifi, ku ɗauki hoto, Lahadi ku juyo. Ban ce kada ku je ba. Ni ma na je. Amma sai kun ji yadda na dawo.

Gungun Kirya tsibiri ne a tsakiyar kogin Kwara. Can aka kai ƙanwata Lanti aure, gidan wani masunci da ake kira Gado. Tun da ta tafi ban taɓa taka garin ba, don ni ba na shiri da ruwan da ya wuce na randa. A shekarar da nake ba ku labari aka aiko cewa ciwon ƙafa ya kwantar da ita, kullum tana tambayata. Lokacin babanku bai daɗe da sayen motarsa ta farko ba, wata ja mai yawan tari. Ya ce Asabar da Lahadi ba ya zuwa aiki, shi zai kai ni ya dawo da ni.

Babanku shi ne na fari a cikin waɗanda Allah ya ba ni. Mu a tarbiyyarmu mace ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba ta cewa nata ne. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Da aka yaye shi uwar mijina ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma, shi ya sa har yau Gwaggo yake ce mini kamar sauran yaran gidan. In ina son kiransa sai in ce kai, ko in aiki wani. Ba ƙiyayya ba ce. Kunya ce, kuma har gobe ban ga aibinta ba.

Mun bar Zariya bayan sallar asuba. Funtuwa, Birnin Gwari, Tegina. A wancan zamanin in da rana ne ba abin tsoro a hanyar sai ramuka. A Kontagora ya tsaya ya sayo mini fura. Daga nan bakinsa ya buɗe, ya shiga tsokanata. Ya ce yau ga mu mu biyu, ba mai ji, in na faɗi sunansa zai saya mini tunkiya mai ciki. Na ce ya kalli gabansa.

"Gwaggo, anya ma kin san sunan kuwa?"

Na ce ranar suna ina ƙuryar ɗaki, ban ji abin da liman ya faɗa ba. Ya yi ta dariya har mota ta kusa sauka daga kwalta. Sai kuma dariyar ta ɗauke. Ya kafa ido a kan hanya har muka hango rufin gidajen Yawuri.

La'asar ta yi muka isa bakin ruwa. Ya bar motar a hannun wani mai shago. Na tsaya ina kallo. Ruwa ne ba iyaka, ya kwanta yana numfashi kamar dabba. Gado ya zo taryenmu, ya karɓi kayana, ya kai mu inda wani tsohon mai fito yake jira da kwale-kwale.

A nan na fara ganin al'adarsu. Mai fiton ya tare hanya da filafilinsa na tuƙa jirgi, ya nuna ni, ya tambayi ta wa ce. Na zaci raini ne. Gado ya yi mini bayani cewa su a nan baƙo ba ya shiga ruwa sai wani nasa ya dafa shi, ya faɗi sunansa da ƙarfi, ya ce nasa ne. Kuma ba a yi sau ɗaya a huta, kowace hayewa da tata. Wai ruwa yana ji. Na ce masa wannan ai maguzanci ne. Bai yi musu ba. Ya ce su ma suna salla suna azumi, amma haka suka tarar, kuma waɗanda suka ƙi ba su dawo sun ba da labari ba.

Mai fiton ya dubi babanku, ya dube ni.

"Inna, wannan naki ne?"

Na kau da kai ina kallon wata belbela. Gado ya gane, ya yi murmushi. Ya dafa kafaɗar babanku ya faɗi sunansa ya ce nasa ne. Ya kama bakin mayafina ni ma ya faɗi nawa. Muka shiga. Jirgin ya karkata da na sa ƙafa har na riƙe rigar Gado. Muka haye lafiya.

Lanti ta rame. Da ta gan ni ta fashe da kuka, na ce ta yi shiru, ba gawa na zo gani ba. Na shafa mata man shanu a ƙafar, na ɗaure mata da tsumma mai ɗumi. Muka ci tuwon shinkafa da kifi har na gaji da cire ƙaya. Muka kwana muna lissafin waɗanda suka mutu, sauro yana ta aikinsa.

Da asubar Lahadi Gado ya fita da maza duba taru. Ya ce kafin hantsi zai dawo ya raka mu. Hantsi ya yi, ya wuce, babu Gado. Babanku ya shiga zagaye tsakar gida yana duba agogo. Ya ce Litinin yana da aiki, in muka ƙara zama dare zai same mu a dajin Birnin Gwari. Lanti ta ce a yi haƙuri. Ta ce su ba sa hayewa in inuwar mutum ta shige ƙarƙashin ƙafarsa, sai an kira azahar. Ya ce to, to. Yana faɗin to ɗin yana ɗaukar kaya. Ya yi mata sallama daga ƙofa ya yi gaba.

Ni na tsaya ban-kwana. Lanti ta kama wuyan hannuna, ta juya fuskarta wajen kogi, ta ɗaga murya ta faɗi sunana, ta ce yayarta ce, tata ce. Sannan ta ce in kira mata shi ya dawo, don sai hannunta yana jikinsa maganar take ci. Na ce ta kwanta ta huta, ƙato da gemunsa ba akuya ba ne da za a yi masa shaida. Ta roƙe ni. Ta ce to ni in faɗa in na isa bakin ruwa. Na ɗauki butata na fita.

Bakin ruwa ba kowa. An ja jirage duk an kife su a kan yashi. Mutum ɗaya ne a gindin bishiya, wani Nomau, magidanci mai jirgin inji. Ban san abin da babanku ya yi masa alkawari ba, na dai tarar har sun loda kaya. Fuskar Nomau ba daɗi. Ya tambaye ni ko an faɗe ni, na ce Lanti ta faɗe ni a gida. Ya ce shi fa?

Na ce, "Kowa na Allah ne. Tayar da injinka."

Ya ce shi ba zai iya faɗarsa ba, bai san shi ba, bai taɓa cin abinci da shi ba, in ya ce nasa ne ya yi ƙarya. Babanku ya yi dariya ya ce shi na kansa ne, a tafi. Nomau ya dube ni ya daɗe. Ni ma na dube shi. Shi ya fara sauke ido.

Muka shiga ruwa.

Rana ta tsaya a tsakiyar ka. Ba iska. Ruwan ya kwanta sumul kamar faranti. Jiya tsuntsaye ko'ina, yau ko ɗaya. Ƙarar injin ma sai nake jin ta daga nesa, kamar a wani jirgin take. Na duba ƙasa, inuwata ta taru a ƙarƙashina kamar kaza a kan ƙwai.

Mun yi nisa. Gungun ya zama baƙin zare a bayanmu, Yawuri kuma ba ta fito ba. Sai ga wani tudun yashi a gabanmu. Jiya ban ga tudu a wurin ba.

Akwai mace a kai.

Ba a tsakiyar tudun take ba. A gefe take, ƙafafunta cikin ruwa. Baƙin zane, kwando a ka. Ba ta ɗaga hannu ba, ba ta kira ba. Tana tsaye kawai, kamar wadda ta san za a zo.

Nomau ya kau da fuska ya ƙara wa inji wuta. Babanku ya ce ya tsaya, ba a barin dattijuwa a rana haka. Nomau ya yi kamar bai ji ba. Babanku ya sake faɗa, har da ɗan faɗa. Kafin ya rufe baki injin ya mutu. Bai yi tari ba, bai yi hayaƙi ba. Ya ɗauke kawai.

Ruwa yana gangarawa kudu. Jirginmu ya tafi wajenta, ya saɓa wa ruwan.

Ta yi sallama. Na amsa, don ba a ƙin amsa sallama. Ta sa ƙafa ta shigo. Na riƙe katako ina jiran jirgin ya karkata. Bai motsa ba. Ko ƙuda ne ya sauka da na fi jin nauyinsa.

Ta zauna tana fuskantata, ta sauke kwandon a cinya. An rufe shi da faifai. Fuskarta ba ta tsohuwa ba ce, ba ta yarinya ba. Ina kallonta, amma in na ƙifta ido sai in manta kamanninta. Na sauke ido kan ƙafafunta. Farare fat, sun yamutse kamar hannun wadda ta wuni tana wanki. Ruwa yana tsattsafowa daga cikinsu, a hankali, yana taruwa a cikin jirgin.

Sai na ga inuwarta. Kowa tasa tana ƙarƙashinsa. Tata ta miƙe doguwa kamar ta yamma, ta bi ta kan buhuna, ta haye kan cinyar babanku ta kwanta.

Na waiwaya. Nomau ya cusa kansa tsakanin gwiwoyinsa.

Ni ban yi karatu mai nisa ba, amma abin da na sani na riƙe shi da kyau. Na karanta Ƙulhuwallahu, na karanta Falaƙi da Nasi, a bayyane, ina kallon cikin idonta. Ta jira ni cikin ladabi har na gama. Ta shafa fuska.

"Ni ma ina salla, 'yar'uwa," in ji ta. "Ni ba ɓarauniya ba ce. Tsintuwa nake yi. Kuma ba na ɗauka sai na yi cigiya."

Bakinta ne yake motsi, amma maganar daga ƙarƙashin jirgin take fitowa. A tafin ƙafata nake jin ta.

Ta fara. Ta nuna buhun bandar kifin da Lanti ta ba ni, ta tambayi na wa ne. Na ce nawa. Ta nuna buta, na ce tawa. Ta nuna filafili, Nomau ya amsa daga cikin gwiwoyinsa da wata 'yar murya. Haka ta bi kayan jirgin tana tambaya, ba gaggawa, kamar mai taya kaya a kasuwa.

Akwai wata tsohuwar ƙwarya a ƙarƙashin katakon da nake zaune, an ɗinke ta a gefe. Wani fasinja ne ya manta da ita. Ta jawo ta ta ɗaga. Ta tambaya. Ba wanda ya amsa. Ta sake tambaya. Shiru. Sai ta ɗora ta a kan ruwa.

Kun san ƙwarya ba ta nutsewa. Wannan ta tafi ƙasa kamar dutse. Ko kumfa ba ta tashi ba. Jim kaɗan na ji wani abu ya yi ƙwas a cikin kwandon da ke cinyarta. Faifan bai motsa ba.

Ta dube ni ta ce ni an faɗe ni, ta ji muryar mai ciwon ƙafa. Ta dubi Nomau ta ce shi ba baƙo ba ne, uwarsa ta faɗe shi tun yana goye. Sannan ta juya a hankali.

"Wannan fa? Na wa ne?"

Tun da matar ta shigo ban kula da babanku ba, sai lokacin. Ya cire takalmansa ya jera su kamar a ƙofar masallaci. Ya kwance agogonsa ya sa a cikin ɗaya. Ya naɗe ƙafar wando. Yana zaune a bakin jirgin, ƙafafunsa cikin ruwa har idon sawu. Fuskarsa ta kwanta, ba damuwa ko ɗaya, kamar yaron da ya ƙoshi da nono.

Na ce, kai, janye ƙafarka. Bai ji ba.

Na ce mata ɗan mijina ne. Ta tambayi ina mijin. Na ce ya rasu. Ta ce matattu ba su da kaya a kan ruwa. Na ce kakarsa ce ta raine shi. Ta ce ita ma tana ƙasa. Na ce yana da mata, yana da 'ya'ya, gida guda yake ciyarwa. Ta waiga dama, ta waiga hagu, ta ce ba ta gan su ba. Na ce to na Allah ne.

"Ni ma ta Allah ce. Ruwan ma nasa ne."

Ruwan ya kai masa ƙwauri. Ba shi yake sauka ba, ku gane. Yana zaune inda yake. Jirgin ne yake kwantawa ta gefensa a hankali, kamar ana jan sa da igiya.

Na daki bayan Nomau na ce ya buɗe baki ya ce nasa ne. Ya girgiza kai. Ya ce in aka yi mata ƙarya duka jirgin take ɗauka.

Raina ya ɓaci. Ba tsoro ne ya fara zuwa mini ba, fushi ne. Na ce mata ta dube ni da kyau. Na ce ni ban taɓa karya kunya don wani mahaluƙi ba. Surukata ba ta ji wannan sunan a bakina ba, mijina bai ji ba har ya koma ga Allah, ba kuwa wata mai jiƙaƙƙiyar ƙafa ce za ta zo tsakiyar rana ta sa ni ba. Na ce ta san ko na wane ne, tana gani a fuskarsa, iskanci ne kawai.

Ba ta yi fushi ba. Ta ce ita ba ta aiki da fuska. Abin da aka faɗa take ji. Ta ce wannan ce tambayar ƙarshe. Ta sa hannu ta ɗan ɗaga faifan da ke kan kwandon. Ban ga abin da ke ciki ba. Sanyi dai ya fito, irin na cikin rijiya.

Ruwan ya kai masa gwiwa.

Sai ya yi magana. Ba da muryarsa ta magidanci ba. Da wata murya da na sani, wadda nake ji ta katangar ɗakin kakarsa in zazzaɓi ya kama shi, ina kwance ina sauraro ba na iya shiga.

"Ki ƙyale Gwaggo, baiwar Allah. Ba ta saba ba. Mu je kawai."

Ya dafa bakin jirgin zai zame.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Ni da na riƙe rigar Gado jiya don jirgi ya ɗan karkata, na tsaya a kan ƙafafuna a tsakiyar Kwara. Na taka buhu, na taka buta. Na cafki wuyan rigarsa ta baya na naɗe a hannuna.

Na ce, "Nawa ne."

Ta ce kowa yana iya cewa haka.

"Ni na haife shi. Da damina, ana ruwa, a ɗakin uwata, a kan gwiwoyina. Na kwana na wuni ina abu ɗaya, na ciji taɓarya don kada a ji kukana. Ni na ba shi nono. Ni nake tashi in leƙa ko yana numfashi in kowa ya yi barci. Ɗana ne. Nawa ne."

Ta ce sunan.

Na faɗa.

Kada ku ware kunne, ba zan maimaita muku ba. Kun san shi.

A hankali ya fito, don bakina bai san hanyarsa ba. Ta karkata kai ta ce ruwa bai ji ba. Ana jan sa daga ƙasa, ina jin rigar tana yagewa a hannuna. Na kafa ƙafa a jikin katako. Na cika ƙirjina. Na kira shi yadda ake kiran yaron da ya yi nisa a daji, har na ji sunan ya bugi wani abu can nesa ya dawo mini. Na haɗa da sunan ubansa. Na ce in akwai sauran masu cigiya a ƙarƙashin ruwan nan su fito su ji, kada gobe wata ta ce ba a faɗa mata ba.

Jan ya tsaya.

Jirgin ya daidaita. Na faɗi zaune, shi kuma ya faɗo a kaina, ƙato guda, kansa a ƙirjina. Ban ture shi ba.

Matar ta mayar da faifanta ta rufe. Inuwarta ta janye daga jikinsa, ta naɗe, ta koma ƙarƙashinta. Ta aza kwando a ka ta miƙe.

"Kin daɗe," in ji ta. "Na riga na taɓa."

Na ce ta taɓa ɗin, amma ba ta ɗauka ba. Na ce ta sauka mini daga jirgi.

Ta dube ni. A nan ne kawai na ga kamar za ta yi murmushi. Ta yi sallama, wannan karon ban amsa ba, Allah ya yafe mini. Ta sa ƙafa a ruwa ta fara sauka, taki bayan taki, kamar mai bin matakala. Ƙugu, kafaɗa, kai. Kwandon ne ya shige daga ƙarshe. Da na ɗaga ido babu tudun yashi. Ruwa ne kawai ko'ina.

Wani tsuntsu ya yi kuka. Iska ta taso.

Nomau ya ja igiyar inji, ya tashi nan take. Ya kai mu Yawuri. Da muka sauka ya sauke kayanmu a kan yashi, ya durƙusa ya gaishe ni kamar yanzu muka haɗu, ya juya jirginsa. Bai koma gungu ba sai da ya ji kiran azahar, ina ganinsa zaune a ciki yana jira.

Babanku ya farka a bakin ruwa yana tambayar wanda ya cire masa takalmi. Ya ga rigarsa a yage ya tambaya. Na ce ƙusa ce. Muka yi salla, ya karɓi motarsa, muka kama hanya.

Muka ratsa Kontagora. Mun wuce gari, daji ya fara, sai ya ce ya yi wani mafarki a cikin jirgi. Wai yana sauka wani wuri mai sanyi, mai daɗi, ba ya son dawowa, sai ya ji an kira shi.

"Muryar kamar taki, Gwaggo."

Na ce zafin rana ne.

Ya yi tafiya kaɗan, ya gangara gefen hanya ya kashe mota. Ya kifa kansa a kan sitiyari. Kafaɗunsa suna motsi. Ni kuwa na juya ina kallon wata gonar dawa, na ƙare mata kallo tsaf, har ya gama ya share fuskarsa ya tayar da mota. Daren da yake gudu ya same mu a dajin Birnin Gwari. Ko kare ba mu gani ba.

Daga ranar ban sake faɗa ba, shi ma bai sake roƙo ba.

Kun sha tambayar abin da ya sa babanku yake sa safa ko ana zafin bazara, har kuna yi masa dariya. Gobe in ya zauna alwala ku sa hannu ku taɓa. Daga gwiwa zuwa ƙasa sanyi ƙalau, kamar tulun da ya kwana a waje. An kai shi asibiti, an yi na gida, ba abin da ya canja. Iyakar inda ta taɓa ke nan. Da na ƙara jan baki kaɗan, da ba ku da wanda za ku kira baba.

To, ku je. Amma ba mai shiga ruwan nan in inuwarsa tana ƙarƙashin ƙafarsa, ko da aikin wa zai ɓaci ranar Litinin. Ba mai hayewa shi kaɗai. Kowa ya dafa ɗan'uwansa ya faɗi sunansa da ƙarfi, zuwa da dawowa, ko masu jirgi sun ce an daina yayi. In kun ga tudun yashi da mutum a kai, ku dubi ƙafafunsa kafin ku ji tausayinsa.

Ke kuma Ramlatu, ɗago ki dube ni. Na ga yadda kike kau da kai in an tambaye ki yaron nan, kuma na ji daɗi, haka 'yar mutunci take yi. Ki riƙe kunyarki a gida, ki riƙe ta a kasuwa, ki riƙe ta a gaban surukanki. Amma in ƙafarki ta bar tudu, ki rungume shi ki buɗe baki tun ba a tambaye ki ba. Matar nan tana jira a amsa mata, amma ba ta jira da yawa.